Jibo da Madubansa Ɗari Bakwai

Jibo ɗan wani ƙauye ne da ke gabas da Bakori. Bai yi boko ba, karatun allo ma a izu biyar ya tsaya, don gona ba ta bar shi ba. Da kakar 1970 ya rako audugar babansa Funtua a kan jakai biyu, ya hangi dogon bututun hayaƙi na wani kamfanin matse man angurya, ya bi shi har bakin ƙofa. A ranar suna neman majiya ƙarfi. Aka dube shi, aka ga ƙirji da damtse, aka miƙa masa shebur.

Aikinsa hura wuta. Akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai girman ɗaki, cike da ruwa, shi kuma daga safe zuwa yamma yana watsa ɓawon angurya da itace a ƙarƙashinta. Tururin da ta tara shi ke dafa angurya, shi ke juya injuna. Abokan aikinsa da an tashi sai su karkaɗe jiki su tafi. Jibo kan tsaya ya bi bututu da ido, daga inda ya fito zuwa inda ya shiga. Cikin shekara uku ya san tukunyar nan kamar tafin hannunsa. Ko bai dubi agogon da ke nuna ƙarfin tururi ba, da kunne yake gane in ta kusa cika, ya ja bawul ta yi numfashi. Daga nan sunan Jibo Mai Tukunya ya bi shi.

Shekara tara yana wannan. A 1979 kamfani ya kawo sabuwar tukunya mai cin baƙin mai, wadda ba ta bukatar shebur. Jibo ya je wurin manaja ya ce a bar shi ya kula da ita. Manaja ya tambaye shi takardar shaida. Ya ce ba shi da ita, amma a gwada shi. Aka ce doka ba ta san gwaji ba. Aka sallame su, suka fito su goma sha ɗaya, kowa da bokitin roba da takardar godiya wadda babu mai iya karantawa a cikinsu.

Gidan hayarsu a bayan tasha yake, mai faɗin tsakar gida. Matarsa Tasalla sana'arta daddawa, kuma daga lokacin nan ita ta riƙe gidan. Duk wanda ya san daddawa ya san kalwa ba ta nuna da wasa. Wuni cur tukunya na kan murhu, ana tura itace kamar ana zuba shi a rijiya. Ga shi shekarun nan ne aka shiga dazuzzuka da manyan motoci ana tumɓuke itatuwa don noman masara, masu jakai sai sun yi nisa kafin su samo dami. Tasalla ta koma haɗawa da kara da kashin shanu. Hayaƙi ya mayar da idanunta jajaye, tari ya kama ta. Jibo yana zaune a gindin bango yana kallo, shi da ya shekara tara yana hura wutar wasu.

Yana da aboki a kasuwa, Raufu, Bayarabe haifaffen Funtua, mai yankan gilashi da madubi. Shi ke sa wa kabad madubi, shi ke sa wa hotuna firam. Wata ranar bazara Jibo na zaune a ƙofar shagonsa sai ya ji ƙauri. Suka duba, ashe wani tsohon kwanon fitilar babbar mota ne aka yar a gefen kwata, bakinsa na fuskantar rana, wata takarda ta faɗa ciki tana hayaƙi. Raufu ya sa ƙafa ya kifar da shi ya koma aikinsa. Jibo ya tashi ya ɗauko kwanon, ya sake nuna shi ga rana, ya sa tsinke a tsakiya. Tsinken ya yi baƙi, ya kama.

"Raufu," in ji shi, "da kwanon nan ya kai faɗin ɗaki, me zai dafa?"

"Kai zai fara dafawa, Malam Jibo."

"Guntayen madubin nan da kake zubarwa, ka riƙa ajiye mini."

Raufu ya ɗauka wasa ne, amma ya ajiye. Duk Juma'a Jibo sai ya zo da buhu.

Rani biyu ya yi yana haɗa abin. Ya fara da ƙarami, mai faɗin faifai, ya tafasa ruwan shayi. Sannan ya ƙulla na gaske: wani ƙaton kwano na katako da ƙarfe, faɗinsa kamu shida, a kan gindi mai juyawa wanda ya samo daga gatarin tsohuwar amalanke. Da ƙarfe ya ƙare masa sai ya shiga ɗaki ya fito da gadon auren Tasalla.

"Malam, gadon nan fa a kansa nake kwana."

"Ƙafafun da gefen kawai nake so. In abin ya yi, ke za ki fara jin daɗinsa."

"In bai yi ba fa?"

Ya hau kwance ƙafafun gadon. Ta shimfiɗa katifarta a ƙasa.

Aikin da ya fi cin rai shi ne saita madubai. Guda ɗari bakwai da 'yan kai ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, kuma dole hasken kowanne ya faɗa wuri ɗaya. Sai ya rufe su duka da tsumma, ya buɗe ɗaya, ya yi ta cusa masa tsinke a baya har haskensa ya sauka daidai gindin tukunya, sannan ya ɗaure shi da waya ya koma na gaba. Raufu ya zo ya tarar da shi ya ƙura wa farin hasken nan ido, hawaye na zuba.

"Ka ari baƙin tabarau wurin masu walda mana."

"Na ara. Da shi ba na ganin bakin hasken, ban san inda ya tsaya ba."

Ranar da aka gwada, Jibo ya rataye tukunyar kalwa a gaban kwanon, ya shafe gindinta da baƙin tukunya, ya yaye tsummokara. Kafin Tasalla ta gama wanke-wanke ruwa ya fara tsuwa. Ta zo ta leƙa ƙarƙashin tukunyar, ba itace, ba toka, ba hayaƙi, ga kalwa tana juyi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Ikon Allah," ta shiga ɗaki ta ɗauko ludayi.

Ba wai abin ba shi da wahala ba ne. Rana ba ta tsayawa, saboda haka duk bayan ɗan lokaci sai Jibo ya tura kwanon ya bi ta. Da la'asar ƙarfinsa ke ƙarewa, sai Tasalla ta ƙarasa da itace kaɗan. Da damina kuwa sai a rufe shi da tampol. Amma damin itacen da a da ke ƙarewa a kwana ɗaya ya koma yin mako. Tarinta ya lafa. Matan unguwa suka riƙa kawo wake da rogo a dafa musu. Wata takwas da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zaman aurensu, ita ma ta sha faɗin haka.

Shi dai Jibo tururi ne a ransa. Ya samo tsohuwar tukunyar gas ya mayar da ita tukunyar ruwa, ya sa mata bawul da agogo da ya tsinto a wurin 'yan gwangwan. Ya kwance injin wani mataccen babur, ya yi wata biyu yana gyara shi har ya yarda tururi ya tura shi maimakon fetur. Ya haɗa shi da dinamon babbar mota, mai ba da lantarki, da bel na fata. A watan Fabrairun 1982, da azahar, injin ya yi tari sau biyu ya kama juyi, ƙwan lantarkin da ya rataye a jikin bishiyar darbejiya ya yi ja, ya yi fari.

Mutane sun cika gidan. Amma da aka gama kallo, wani dattijo ya ce, "To Jibo, fitila da tsakar rana, wa za ta haska wa?" Aka fashe da dariya. Maganar ta zaga kasuwa, ta kai tasha. Jibo na wucewa sai a ce masa ya taimaka da fitilarsa, allura ta faɗi a rana.

Labarin nan ne ya kai kunnen Romanus, malamin kimiyya a wata sakandare a Malumfashi. Ibo ne, amma a Funtua aka yanke cibiyarsa. Yaƙin basasa ya kore su yana saurayi, da aka gama ya dawo, Hausa a bakinsa kamar ta jakin Kano. Ya zo a kan babur wata Asabar, ya zaga kwanon sau uku, sannan ya tambaya wa ya zana masa.

"Ba wanda ya zana. Rana ce ke nuna mini inda na yi kuskure."

Romanus ya nemi kwano da ruwa da 'yar kanwa. Ya tsoma wayoyin dinamo biyu a ciki, ya kifa kwalba a kan ɗaya. Kumfa ta riƙa tashi tana korar ruwan kwalbar. Da ta cika, ya ɗago ta ya kusanto da ashana, sai ta yi wata 'yar ƙara kamar an fasa leda.

"Wannan iskar sunanta haidurojin," in ji shi. "Daga cikin ruwa ta fito, kuma tana ci kamar gas. In aka tara ta da rana, da magariba sai a kunna. Ka ga ke nan an ɗaure rana an ajiye."

Jibo ya sa aka sake yi har sau huɗu. Tun daga ranar bai ƙara kula masu dariya ba.

Romanus ya ce tara iskar nan na bukatar kayan da su biyu ba za su iya samu ba, kuma akwai haɗari. Ya rubuta wasiƙa zuwa wani ofishin gwamnati a Kaduna. Ya sake rubutawa. Bayan wata goma sai ga farar mota a ƙofar gida, wani matashi ya fito da takalmi mai ƙyalli, ya ce shi ne Injiniya Abdussamad. Bai yi minti goma sha biyar a gidan ba. Ya tsaya daga inuwa, ya tambayi wa ya duba tukunyar ya ba ta takarda, ya ce irin wannan in ta fashe sai ta tashi unguwa. Jibo ya nuna masa bawul, ya fara bayanin yadda take numfashi, injiniya na duban agogon hannunsa. Amma da zai shiga mota sai ya juyo.

"Za a yi nunin amfanin gona a Malumfashi ƙarshen Maris. Babban baƙo zai zo daga Kaduna. Muna son abin da aka ƙera a gida. Zan turo mota."

Tasalla ba ta so ba. "Malam, abin nan shi ne murhuna. In an tafi da shi, da me zan dafa?"

"Kwana uku ne. In manya suka gani, ba ke kaɗai ba, kowace mai daddawa a ƙasar nan sai ta samu nata."

Tifa aka turo, irin ta ɗibar yashi. Sai da aka rushe gefen katanga kafin kwanon ya fita. A hanya ramuka suka girgiza shi, madubai fiye da ɗari suka goce, wasu suka fashe. Jibo ya yi kwana biyu a filin yana sake saita su ɗaya bayan ɗaya, cikin ranar Maris, ido buɗe. A rana ta biyu ya lura in ya dubi fuskar mutum sai ya ga wani baƙin tabo a tsakiya. Ya wanke ido da ruwa ya ci gaba.

An ce baƙo zai iso ƙarfe goma sha biyu. Tun sha ɗaya tukunya ta cika, inji na juyi, fitila na ci, kwalaben Romanus na kumfa, wake na tafasa a gefe. Manoma daga Musawa da Matazu da ƙauyukan Bakori suka yi dafifi. Wani Bafulatani mai suna Manu ya sa sandarsa a cikin hasken, ta kama wuta, ya ja da baya yana salati. Wani manomin fadama ya tambaya ko injin zai iya jan ruwa daga rijiya, Jibo ya ce zai iya, in an samu famfo. Bai taɓa jin kansa mutum ba kamar a awannin nan.

Sha biyu ta wuce, aka yi azahar, aka yi la'asar. Jibo na bin rana da kwano, tana sauka, har ta shige bayan itatuwan mangwaron da ke yammacin filin. Allurar agogo ta riƙa faɗuwa. Inji ya rage gudu, ya tsaya. Ƙarfe biyar da rabi aka ji jiniya.

Babban baƙo ya zo rumfa-rumfa, jama'a na biye. Da ya iso gaban kwanon, Abdussamad ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wani yunƙuri ne na mutanenmu na karkara."

"Me yake yi?"

"Yana ba da wuta, ranka ya daɗe," in ji Jibo, yana durƙushe. "Da tururi, da lantarki. Da an zo da rana..."

"To a kunna mu gani."

"Rana ta faɗi, ranka ya daɗe."

Wani daga baya ya yi dariya. Baƙon ya ɗan sunkuya, ya ga fuskarsa a cikin madubai, ya gyara zaman hularsa, ya ce a ci gaba da ƙoƙari. Rumfar gaba ta masu sayar da injin ban ruwa ne na ƙasar waje, mai shan gas. Suka ja igiya sau ɗaya ya tashi da ruri, ruwa ya yi tsiri sama, aka yi tafi. A nan aka ɗauki hoto.

Washegari kowa ya kwashe kayansa. Tifa ba ta dawo ba. Jibo ya kwana biyar a gindin kwanonsa, guzuri ya ƙare, Romanus ya roƙi maigadin filin ya sa ido, ya ɗauko Jibo a babur ya kai shi gida. Daga nan aka shiga zirga-zirga. Ofishin Malumfashi suka ce motar ta Kaduna ce. Kaduna suka ce injiniya ya tafi kwas. Direbobin kasuwa kuwa duk wanda ya ga girman abin sai ya ce ba zai ɗauki gilashi a wannan hanya ba. Ana cikin haka hadarin farko ya taso a watan Mayu, da iska mai cire kwanon rufi. Da Jibo ya je bayan kwana biyu, ya tarar da kwanon a kife. Abin da bai fashe ba an ɓamɓare. Injin da dinamo da tukunyar babu su, maigadi ya ce shi filin aka ba shi tsaro, ba tarkace ba. A hanyarsa ta zuwa tasha ya ga wata mata a ƙofar gida tana sa kwalli da guntun madubi mai huda a kusurwa, hudar da shi ya yi da hannunsa. Bai tsaya ba.

Ya so ya sake wani. Amma ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, kaya suka yi wuya, Raufu kansa sai ya yi wata bai ga sabon madubi ba, guntayen da yake zubarwa a da yanzu su yake sayarwa. Kuma ko da an samu, idon ya riga ya tafi. Tabon nan ya yi ta faɗi har ya zama Jibo ba ya iya zura zare, ba ya gane fuska sai murya. Romanus ya kai shi asibitin ido. Likita ya haska, ya tambayi sana'arsa, ya ce tsakiyar idon ce ta ƙone, duka biyun, kuma ba ta da magani. Gefe-gefe zai riƙa gani, shi ke nan.

Tasalla ta gyara tsohon murhunta. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, kuma shirun nan ya fi masa ciwo. Maigidan haya ya sa su gyara katangar da aka rushe. Tari ya dawo mata, ya zauna. Jibo ya koma tufkar igiyar rama a zaure, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba.

A 1988 aka yi wa Romanus canjin aiki zuwa kudu. Ya zo sallama, da wata jarida a hannu. Ya zauna a kan tabarma ya karanta masa, yana fassarawa: a wata ƙasa ta ƙetare an shimfiɗa madubai a hamada, fili guda, suna tafasa ruwa, tururin na ba gari guda lantarki.

Jibo bai daina tufka ba. "Wa ke juya musu su?"

"Inji ne ke juyawa da kansa."

"Masu saitawa fa, da me suke kare ido?"

Romanus ya duba, ya ce jaridar ba ta faɗa ba. Sannan ya ce, "Malam Jibo, ka faɗa mini awon naka in rubuta. Faɗi, zurfi, nisan tukunya. Wata rana wani zai nema."

"Wa?"

Romanus ya naɗe jaridarsa.

Jibo ya ce, "Ka bar shi, Malam. Ka rubuta wasiƙa biyu, ka ga abin da suka jawo. Ni ban yi da-na-sanin ƙera shi ba. Fitar da shi da na yi daga gidan nan ne ban yafe wa kaina ba. Matar nan ta roƙe ni."

Suka yi sallama a ƙofar zaure. Jibo ya laluba ya ba shi igiya biyu ya ɗaure kayansa.

Tasalla ta rasu da damina ta gaba, ciwon ƙirji. Bayan sadakar arba'in wani ƙanen Jibo ya zo daga ƙauye ya tafi da shi. An ce ya ƙara shekara biyu ko uku a can, yana tufka, yana ɓare gyaɗa in an ba shi. Mutanen ƙauyen sun san ya taɓa aikin kamfani a Funtua, iyakar abin da suka sani ke nan, shi kuma bai ƙara musu komai ba.